Sunan Mai Jubba

Rana ta karkata lokacin da Usama ya baro Khaibar, amma zafinta bai ragu ba. Hanya ta miƙe a gabansa tsakanin baƙaƙen duwatsun nan da suka shimfiɗu hagu da dama kamar gawayin da aka zubar aka manta da shi. Na'urar sanyin motar tun safe huci kawai take yi. A kujerar gefensa akwai kwalin dabino da wani tsoho ya tura masa dole, kuma shi ke nan abin da ya samo a tafiyar. Jibi suna. Ɗansa na fari yana kwance a gidan surukansa a unguwar Aƙiƙ ta Madina, naɗe cikin farin zane, uban kuwa har yanzu bai san sunan da zai raɗa masa ba.

Ba sunaye ne suka ƙare a duniya ba. Suna ɗaya tak yake nema, sunan kakan mahaifinsa, mutumin da duk gidansu ba a taɓa kiransa da komai ba sai Mai Jubba.

Abin da Usama ya sani game da shi tsintarsa ya yi ɗaya bayan ɗaya cikin shekaru, a bakin tsofaffi da cikin littattafan tarihin da yake karantawa a mota yana jiran alhazai su gama ziyara. An ce iyayen Mai Jubba sun taso daga ƙasar Hausa da ƙafa da niyyar hajji, su yi noma a nan su ci gaba, su yi ƙwadago a can su ƙara gaba, har tafiya ta tsaya da su a Sudan a zamanin da ƙasar ta ɗauki wuta da juyin Mahdiyya. A can yaron ya tasa. A can ya shiga rundunar Ansaru, sojojin Mahdiyya, ya sa jubba, rigarsu mai faci-faci, ya tsaya a filin Karari kusa da Omdurman ranar da bindigogin Turawa suka yi wa rundunar yankan ciyawa tun kafin azahar. Ya fita da ransa da karyayyar cinya. Daga nan ya ja ƙafa har Sawakin, ya haye teku, ya yi hajjin da iyayensa ba su samu yi ba, ya yi shekara da shekaru yana ban-ruwa a gonakin dabinon Khaibar, sannan ya gangaro Madina da tsufa ya cika. Yana kwance a Baƙi'a, inda ba a rubuta sunan kowa a kan kabari. A takardun gida an sa shi Abdullahi, amma kowa ya san wannan sunan magatakarda ne, irin wanda ake manna wa baƙon da bai faɗi nasa ba.

Jubbar tana nan a ƙasan akwatin kakar Usama. Yana yaro yakan saci jiki ya buɗe ya shinshina ta, ya shafa facin shuɗi da na ja da suka koɗe, zuciyarsa na bugawa kamar shi ne a kan doki da takobi tsirara. Da ya girma ya zama direban ziyara, kullum sai ya tsaya da alhazai a gindin Uhudu yana jero musu sunayen shahidai da na iyayensu da na kakanninsu, tsaf, babu gargada. Wani lokaci a tsakiyar jerin sai muryarsa ta sarƙe. Ga shi yana rabon sunayen mutanen da suka wuce shekara dubu da ɗaruruwa, nasa sojan na jiya-jiya kuwa ba shi da ko harafi.

Mahaifinsa, Sa'id, shi ya ɗora masa kayan. A gadon asibiti, ana saura kaɗan, ya kama hannunsa ya ce, «In Allah ya ba ka namiji, ka mayar mana da Mai Jubba. Ni na yi ta cewa zan tambayi tsohuwa, har ga shi.» Sa'id ɗan fari ne, tsakaninsa da uwarsa sai gaisuwar safe da ta dare. Uban da zai gaya masa kuma, Bakri, ya rasu tun yana rarrafe.

Tun daga ranar Usama bai zauna ba. Ya sami wani malamin tarihi a Omdurman suna magana ta waya, mutumin har ya yi alkawarin bincika masa, sai yaƙi ya ɓarke a Sudan, lambar ta daina shiga. Yau kuma ya wuni a Khaibar yana bin gonaki, daga wannan inuwa zuwa waccan, har aka kai shi wurin wani tsoho kurma da ya tuna yana yaro akwai wani Batakaruni, kamar yadda suke kiran mutanen ƙasar Hausa, gurgu mai ban-ruwa. «Mutumin kirki,» in ji tsohon da Larabci, yana ɗaga murya kamar Usama ne kurman. «Ba ya magana. Suna? Ɗana, wa yake tambayar mai ban-ruwa suna?» Sannan ya tura masa kwalin dabino don kada ya koma hannu wofi.

Mutum ɗaya ya rage a doron ƙasa da ya zauna gida ɗaya da Mai Jubba, wato kakar Usama, Tasallah, matar Bakri, wadda ta rene shi bayan rasuwar uwarsa, wadda kuma suke zaune tare a unguwar Ƙurban. To amma ita, likita ya riga ya yanke. Bara, da Usama ya durƙusa gabanta ya ce ta gaya masa sunan, sai ta kalli bango ta ce a sa mata shayi. Ya sake tambaya bayan kwana biyu, ta ce ƙafarta na ciwo. Hankalinsa ya tashi ya kai ta asibiti, likita ya yi mata tambayoyi, ya ajiye alƙalami ya ce masa a hankali mantuwar tsufa ce ta fara, kuma ba ta komawa baya. A wurin ajiye motoci Usama ya kifa kai a sitiyari ya yi kuka, don a ganinsa a ranar aka binne Mai Jubba karo na biyu.

Ana kiran magariba ya shigo Madina. Ya yi salla a hanya ya wuce Aƙiƙ.

Surukinsa, Malam Jamaluddeen, wanda ke koyarwa a jami'a, yana zaune a falo da baƙi 'yan Kano. Suka gaisa. Malam ya yi gyaran murya ya ce, cikin ladabin da ya fi faɗa ciwo, «Ragon dai ya iso, Usama. Saura abin da za a ambata a kansa.»

«In sha Allahu, Baba,» in ji Usama, ya sunkuyar da kai ya shige ciki.

Matarsa Innayatu tana zaune a bakin gado da kwanon kunun kanwa, ɗakin yana ƙamshin turaren wuta da na jariri. A Kano ta girma, bakinta kuma bai taɓa sanin gajiya ba, ko da jego.

«Sannu da zuwa, mai binciken tarihi. Ni dai a taimake ni, Abban wa zan ce? Ƙawayena sai bugowa suke yi, na ce musu ana nan ana tono shi a Khaibar.»

Bai yi dariya ba. Ya zauna a ƙasa ya jingina da gado, ya miƙe ƙafafu, ya rufe ido. Yakan yi mata magana rabi Hausa rabi Larabci, yau kuwa ko rabin ya gagara.

«Khalas, Innayatu. Na gaji. Babu kowa. Wanda ya sani ya mutu, wadda ta rage ta manta.»

Ta ajiye kwanon. «Ni fa wannan mantuwar ta Hajiya ban gane mata ba. Shekara guda muna gida ɗaya. Matar da ta tuna ranar da na ƙona mata miyar kuka har da launin zanen da na ɗaura? Wai me likitan nan ya tambaye ta ne? Ba ka taɓa gaya mini ba.»

«Abubuwa masu sauƙi. Ya ce wace rana ce, ta faɗa. Wane gari muke, ta faɗa. Sai ya ce mene ne sunan mijinki. Shiru. Ya ce to ɗanki na fari fa? Shiru, wallahi, ta sunkuyar da kai kamar yarinya. Ya ce uban mijinki? Ta ja mayafi ta rufe fuska. Ni da kaina na fassara mata, sau biyu-biyu.»

Sai ya ji gadon yana girgiza. Ya buɗe ido ya ga Innayatu ta dafe ciki da hannu ɗaya, ɗayan ta toshe baki, hawaye na zuba.

«Wayyo cikina! Wayyo Allah, Usama, za ka kashe ni da ɗanyen jego. Miji, da ɗan fari, da suruki? Su ukun nan cif ya zaɓo? Ai ko alƙali ne da bulala a hannu ba za ta faɗa ba!»

«Na san ba ta kiran sunan Babana a gida,» ya ce, ransa ya soma ɓaci. «Amma wannan sabon gida ne. Gaban likita fa muke. Likita!»

«Kai ɗan Madina, kunya ba takalmi ba ce da za a cire a ƙofar asibiti. Matar nan tun kafin a haifi Babanka take riƙe da bakinta, sai ta sake shi don wani yaro mai farar riga ya tambaya? Kuma kai ma ka je ka tsaya mata ƙiri-ƙiri ka ce faɗi sunan surukinki. Da ni ce ita, ba shayi zan ce a sa mini ba, muciya zan ce a miƙo mini.»

Shekara guda Usama yana makokin abin da bai mutu ba, yana ba tsohuwa magungunan mantuwa safe da yamma, ita kuma tana karɓa tana haɗiyewa ba ta ce uffan ba.

«To yaya zan yi? In ba za ta faɗa ba, ai duk ɗaya ne.»

Innayatu ta share hawaye ta gyara zama, ta koma malama. «Ba a cewa ta faɗa. Kwatance ake nema. Kakata har ta mutu ba ta ce Yunusa ba, sai dai ta ce mai sunan annabin da ya shiga cikin kifi. Ka tafi mata da goro. Kada ka zauna kana kallon ƙwayar idonta, ka zauna a gefe. Kuma don Allah ka yi mata Hausa, ko da wannan gurguwar taka ce. Ka ce, Hajiya, wa ya yi tarayya da shi a suna? Daga nan ka yi shiru. Ka iya shiru kuwa?»

Jaririn ya motsa ya yi ɗan ƙara. Usama ya miƙa yatsa, ƙaramin hannun ya damƙe shi da ƙarfin da ya ba shi mamaki.

Washegari da hantsi ya sami Tasallah a inda take kullum, a kan darduma kusa da taga, inda take jiyo kiran sallar masallacin Ƙuba. Idanunta sun yi fari-fari, jikinta ya ƙanƙance har ya zama kamar na yarinya, amma bayanta a miƙe. Ya ajiye ƙullin goro a gefenta, ya zauna a gefe kamar yadda aka koya masa, yana kallon bango.

Ta lalubi ƙullin ta shinshina. «Yau kuma? Maigidana ya tuna yana da mata. Ko wani laifin ka yi?»

«Sitti, ina kwana. Kin tashi lafiya?» Sitti yake ce mata, wato kaka da Larabci.

Ta juyo da kunnenta. «A'a! Yau da Hausa aka tashi? Lalle akwai magana. 'Yar Kano ce ta aiko ka.»

«Ita ce.» Ya gyara zama. «Sitti, ki yafe mini. Maganin nan da nake ba ki...»

«Na mantuwa? Ai yana sa ni barci mai daɗi, shi ya sa ban hana ka ba. Kai da likitanka, ban san wanda ya fi wani rashin ta-ido ba. Yaro ƙarami, ko gemu bai gama fito masa ba, ya dube ni ya ce wai in faɗi...» Ta yi tsaki ta ɓare goro. «Allah ya shirye ku.»

Ya bari ta tauna.

«Gobe suna, Sitti. Baba ya bar mini wasiyya in mayar da Mai Jubba. Ban ce ki faɗa ba. Wa ya yi tarayya da shi a suna?»

A waje wata motar alhazai ta wuce tana hon. Da ta buɗe baki, muryarta ta sauka, wasan ya fita daga cikinta.

«Wancan yaron ne ya ce maka haka?» Haka take kiran Sa'id, har bayan ransa. «Bai sani ba. Da ya tambaye ni, da na gaya masa. Ni kuma ba ni da bakin fara masa magana. Haka muka zauna, ni da shi, kowa na jiran kowa, har Allah ya karɓi abinsa.» Ta goge bakinta da gefen mayafi. «Zan kwatanta maka, ba wuya. Amma sai ka ji abin da mai sunan ya ce tukuna. Ɗauko mini rigar.»

Ya buɗe akwatin ya ɗauko jubbar ya shimfiɗa mata a cinya. Ta bi facin da yatsu kamar mai karanta su.

«Ku kuna ganin rigar yaƙi. Ni ban taɓa ganin ya sa ta ba. Tulu yake naɗewa da ita, ya jiƙa ta don ruwa ya yi sanyi. A tsohuwar unguwarmu, wadda aka rushe, akwai tulu a ƙofar gidanmu dare da rana saboda masu wucewa. Tsoho ne tukuf, ga ƙafa, amma in ya leƙa ya ga tulun nan ya yi ƙasa, jikinsa har rawa yake yi. Ba ya faɗa, ba ya zagi. Sai dai ka ga ya ɗauki guga yana jan ƙafa. Ran layya kuwa ba ya tsayawa inda ake yanka, fita yake yi sai an wanke wurin. Takobin da kuke ta ba shi a labari, ni ban gani ba.»

Usama ya buɗe baki, ya tuna an ce ya yi shiru, ya rufe.

«Da na haifi wancan yaron, maigidan ya ce sunan ubansa za a sa. Ana gobe suna, kamar yau ke nan, ina zuba wa tsoho ruwan alwala, kaina a ƙasa, sai ya yi mini magana. Bai taɓa yi mini doguwar magana ba sai ran nan, bai kuma sake ba. Ya ce, 'yata, ki gaya wa mijinki ya bari. Ya ce a tutarsu akwai 'yan ƙasarmu da yawa, Hausawa, sun san juna tun suna yara. Shi ne ƙaraminsu, shi ne mai gudu, don haka ban da mashinsa shi aka rataya wa salkar ruwa. Da aka buɗe musu wuta, bai kai ko'ina ba harsashi ya karya masa cinya, wani kuma ya fasa salkar. Yana kwance yana kallo ƙasa ta shanye ruwan tas.»

Ta tsaya ta ja numfashi.

«Ya ce yaƙin bai daɗe ba. Abin da ya daɗe shi ne bayansa. Rana ta take, fili cike da mutanen da ba su mutu ba kuma ba su tashi ba. 'Yan tutarsu sun san wa ke da ruwa. Sai suka fara kiransa. Wannan ya kira daga nan, wancan ya kira daga can, da Hausa, da muryoyin da ya sani tun yana goye. Wane, ruwa. Wane, don Allah. Wane, kana ina? Shi kuma ga shi kwance, ba ƙafa, ba ruwa. Ya ce da farko yana amsawa, yana cewa ga ni nan, salka ta fashe. Sai ya ga in ya amsa suna ƙara kira, suna jan jiki suna nufo shi. Sai ya yi shiru. Haka suka wuni suna kira, muryoyin na raguwa ɗaya-ɗaya, har ya rage saura mutum ɗaya, wani maƙwabcinsu da ya koya masa ɗaurin rawani. Shi ma can ya daina.»

Hawaye na bin fuskar Usama, bai share ba.

«Ya ce tun daga ranar, in aka kira sunan nan, ba mai kiran yake ji ba, su yake ji. Shi ya sa da ya haye teku bai sake gaya wa kowa ba sai matarsa da ɗansa. Da magatakarda ya rubuta abin da ya rubuta, ya ce madalla. Ya ce mini, 'yata, sunan nan ya gaji. An kira shi kiran da ya ishe shi har tashin ƙiyama. Kada ku ɗora wa jariri, a dinga kiransa a tsakar gida ina ji, a ci gaba da kiransa bayan ba ni. Ku bar shi ya kwanta. Shi da kansa ya zaɓa wa yaron wanda aka sa masa.»

Usama ya dubi jubbar. Sai yanzu ya lura da tabon da ke tsakiyarta, zagayayye, fari-fari, irin wanda gishirin ruwa ke bari. Shekara nawa yana shinshinar rigar nan yana neman ƙamshin barudu, ashe gindin tulu ne a jikinta.

«Amma Sitti,» ya ce da ƙyar, «ai in an sa wa yaro sunan kaka ba a kiransa da shi. Sai a ce Abba, ko Baffa. Sunan yana nan, kuma ba a kira.»

«A gida ke nan. A ƙasar nan fa? Kai da ka je makaranta, Abba malaminku yake ce maka? Kowace safiya sai an miƙe an ƙwala shi, a asibiti a ƙwala, a filin ƙwallo a ƙwala. Ni dai na sauke abin da aka ba ni. Ɗa naka ne, wasiyya taka ce. Kana son kwatancen?»

Ya yi tunanin ubansa a gadon asibiti, da hannunsa mai sanyi. Ya yi tunanin hanyar Khaibar, da lambar Omdurman da ba ta shiga, da duk shekarun da ya yi yana bin mutumin da ashe gudun sunansa yake yi. Wata irin gajiya ta sauko masa tun daga wuya har tafin ƙafa, irin ta wanda ya iso masauki.

«Ina so, Sitti. Ko don addu'a.»

Tasallah ta ja mayafi ta rufe rabin fuskarta, ta juya ta fuskanci bango, ta yi magana ƙasa-ƙasa kamar amaryar jiya.

«Annabin nan da aka jarraba da ciwo shekara da shekaru, dukiya ta tafi, 'ya'ya suka tafi, bai ce komai ba sai haƙuri. Wanda aka ce ya buga ƙafarsa a ƙasa ruwa ya ɓuɓɓugo.»

Ayuba. Sunan ya faɗo cikin ƙirjin Usama ya zauna. Leɓɓansa suka motsa za su furta, sai ya dubi bayan tsohuwar, ya dubi rigar, ya mayar da shi ciki.

Ran suna, bayan sallar asuba, ya biya ta Baƙi'a. Ya tsaya a cikin taron masu ziyara yana kallon filin duwatsun da ba su da rubutu, tattabaru na sauka suna tashi. Bai san ta ina zai fuskanta ba, sai ya fuskanci ko'ina. Ya ɗaga hannu ya ambaci sunan sau ɗaya, can ƙasan maƙoshi, yadda ko na kusa da shi bai ji ba. Ya roƙa wa Mai Jubba gafara da hutu, shi da 'yan tutarsu. Ya roƙi Allah ya isar wa ubansa uzurinsa. Daga nan ya tsaya a wani kanti ya cika bayan mota da katan-katan na ruwan sanyi, ya sauke su a ƙofar masallacin Ƙuba inda masu ziyara ke wucewa, ya yaga ledojin don kada kowa ya tsaya tambaya.

A Aƙiƙ falo ya cika. An kawo Tasallah tun da wuri, tana cikin ɗakin mata da jaririn a cinya. Malam Jamaluddeen ya matso da kunnensa, Usama ya raɗa masa. Malam ya ɗago ya dube shi, don ya san abin da aka yi ta nema. Ya ɗaga murya ya sanar, aka shafa fatiha.

Kafin Usama ya kai ƙofar ɗakin matan labari ya riga shi. Innayatu ta dube shi ta ɗaga gira.

«Abban Sa'id ke nan? Duk wannan tonon, ashe a gida abin yake.»

«A gida yake,» ya ce.

Tasallah ta laluba ta kamo gefen rigarsa ta ja shi ƙasa, har ya durƙusa a gabanta.

«Kai dai mugun miji ne,» ta ce. «Duk sunayen duniya ka rasa wanda za ka sa, sai wanda ba zan iya kira ba? Na yi shekara sittin da wani abu ina kewaye shi, yanzu kuma ka sake ajiye mini shi a cinya.»

Matan ɗakin suka fashe da dariya. Ita ba ta yi ba. Ta sunkuya ta kai fuskarta dab da ta jaririn, tana shafa kansa da babban yatsa.

«Sannu, wancan yaron,» ta ce a hankali. «Sannu da dawowa.»

Usama ya zame ya zauna a ƙasa ya jingina da bango. Hayaniyar suna na tashi ta ko'ina, ana shiga ana fita da farantai, wata na guɗa a tsakar gida. Wani ya miƙo masa kofin ruwa. Ya shanye, ya riƙe kofin a hannu, kafin a zo karɓa barci ya ɗauke shi.